Injin Jirgin Ruwa Amana Ne A Hannun Mai Shi

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, in ya wuce Kura ya nufi Kadawa, ya ga abin da ruwa ya yi wa ƙasar nan. Dama da hagu shinkafa ce da alkama da tumatir da albasa, kore shar, a lokacin da sauran ƙasa ta bushe ƙayau. Ruwan nan daga Tiga ya ke fitowa, watau madatsar da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama ta cikin 1974. Daga can ya ke biyowa ta Ruwan Kanya, ya shiga babban kanal, sa'an nan ya rarrabu cikin gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura, inda aka tsara shayar da hekta 22,000. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa cikin 1976, ita ke riƙe da aikin.

To, amma ruwa bai zo mana shi kaɗai ba. Kakanninmu ba su san babban ruwa ba sai kogin Kano da Challawa in sun kawo da damina, 'yan fito su ƙetarar da mutum, bayan 'yan watanni a koma ana tafiya bisa yashi. Yau kuwa tafkin Tiga shi kaɗai, in ya cika, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 178. Ga na Bagauda, ga na Challawa a ƙasar Karaye, ga na Watari a Bagwai. Inda babban ruwa ya kwanta, dole masunta su zo, dole ƙauyukan da ruwa ya raba su nemi abin ƙetarawa, kuma ba a daɗe sai wani ya sayo inji ya maƙala a bayan jirginsa. Nufawa da Sarkawa sun gaji sanin ruwa kaka da kakanni. Mu a nan ba mu gaje shi ba, balle sanin inji. Abin da mutum bai gada ba kuwa, in ba a zaunar da shi an koya masa ba, da hasara zai koye shi. Wannan shi ne dalilin maganarmu ta yau.

Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, sa'ad da jirgin haya ya kife a tafkin Watari, tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Maulidi. Allah ya jiƙansu. Abin da aka fi ambata a lokacin shi ne lodi ya yi yawa, kuma tun daga nan duk sa'ad da aka yi zancen haɗarin jirgi, sai a tsaya kan lodi da rigar kariya. Gaskiya ne, waɗannan biyu su ne kan gaba. Amma akwai na uku da ba a cika kula da shi ba, shi ne lafiyar injin. Jirgin da injinsa ke aiki yana iya fuskantar igiyar ruwa da goshinsa ya keta ta. Da zarar inji ya mutu a tsakiyar tafki ana iska, sai jirgi ya juya ya ba igiya haƙarƙarinsa, in kuwa da nauyi a ciki, sai abin da Allah ya yi. Lodi ma kansa cuta ne ga inji, gama jirgi mai nauyi yakan sa shi ya yi ta nishi, ya sha mai da yawa, ya yi zafi.

Abu uku ke riƙe da ran inji, su ne mai da iska da ruwan sanyaya shi. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya, domin mai karatu ya ga babu wani asiri a ciki da ya fi ƙarfin ɗan aji shida.

Mai

Yawancin injunan da a ke maƙalawa a bayan jirage a ƙasar nan, irin su Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40, ba su da wurin zuba baƙin mai dabam. A cikin fetur a ke gauraya shi, shi ne ke bi ya shafe ƙarafan ciki. Awon da masu ƙera su suka fi faɗi shi ne kashi 1 na baƙin mai ga kashi 50 na fetur, watau rabin lita ga jarka mai lita 25, sai sabon inji da a kan ninka masa a sa'o'insa na farko. In baƙin mai ya gaza, ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya buga. In ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya yi baƙi, inji ya riƙa tari yana mutuwa. Kuma akwai man da aka yi musamman domin injin ruwa. Wanda ya zuba masa na mota, ko tsohon da aka juye daga wata mota domin ya fi araha, ya sani gawayi ya ke tarawa a cikin injinsa.

A nan ne mu ke jin tsoron ɗan ƙaramin sani. Kusan kowane saurayi a Kura da Bunkure ya iya ta da injin ban ruwa, domin manoman da kanal bai kai gare su ba da shi su ke jawo ruwa daga kogi da magudanai da rijiyoyi. Amma injin ban ruwa yana da tukunyar baƙin mai tasa dabam, fetur zalla ya ke sha. Yaron da ya saba da shi, in aka ba shi jirgi ba a gaya masa kome ba, zai iya zuba fetur zalla ya kama hanya, kafin ya kai tsakiya inji ya ƙone. Da a bar mutum da rabin sani, gwamma a ce bai san kome ba, don wanda bai sani ba yakan yi tambaya.

Sa'an nan ga maganar tsabtar man. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka. Inda abu ya yi tsada, algus ba ya nisa. Mai jirgi a bakin tafki ba shi da gidan mai kusa, a galan ya ke saye, bai san ko an sirka da kananzir ba, ko ruwa ya shiga. Kada a ce wannan halin 'yan bumburutu ne kaɗai. A watan Fabrairu, 2022, gurɓataccen fetur da aka shigo da shi daga Turai ta babbar hanya ya lalata motoci da yawa a ƙasar nan. Mota in ta mutu, sai a tura ta gefen titi. Jirgi kuwa ba shi da gefen titi.

Gwajin ba shi da wuya. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka in aka zuba kaɗan a farar kwalba aka ajiye, ruwan zai kwanta a ƙasa, ido na gani. A tace mai da mazurari da tsumma mai tsabta. Kada a bar man da aka gauraya ya yi watanni a tanki, don yakan yi danƙo ya toshe kafireta. A saman murfin tankin akwai wani ɗan ƙaramin noti na shaƙar iska. In an manta ba a sassauta shi ba, inji zai yi ɗan tafiya ya shaƙe ya mutu, direba ya yi ta neman cuta inda ba ta. Daga ƙarshe, ma'abota ruwa a ko'ina cikin duniya suna da ƙa'ida guda, ita ce a kasa mai uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na komowa, ɗaya kuma a bar shi saboda abin da ba a zata ba.

Iska

Mutane da yawa suna tsammani ruwan fetur ne ke kamawa da wuta. Alhali kuwa tururinsa ne, wanda ido ba ya gani. Tururin nan ya fi iska nauyi sau uku ko huɗu, don haka ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙin girki, gangarawa ya ke yi ya kwanta a wuri mafi zurfi. Jirgi kuwa kamar akushi ya ke, abin da ya gangara cikinsa ba shi da mafita. Kashi 2 cikin 100 na tururin nan a cikin iska ya isa ya kama, in ya sami ƙyastin ashana, ko guntun taba, ko tartsatsin wayar batir.

A watan Afrilu, 2025, wani babban jirgin katako ya kama wuta a kogin Kwango, kusa da garin Mbandaka, fiye da mutum 140 suka halaka. Labarin da ya zo shi ne wata mata ce ta hura wutar girki, ga kuwa mai an yi lodinsa kusa da ita. Nisan Kwango da Kano bai sa fetur ɗinsu ya bambanta da namu ba. A Amurka doka ta tilasta a liƙa gargaɗi kusa da makunnin duk jirgin da injinsa na fetur ke rufe a ɗaki, cewa a kunna fankar fitar da tururi minti 4 kafin a ta da inji. Jiragenmu yawanci a buɗe su ke, ba su da fanka, amma kowane direba yana da hanci. Ya sunkuya ya sansana ƙasan jirgi kafin ya ja igiya. In ya ji warin fetur, ya nemi inda ke yoyo, ko tiyo ne ya tsage ko murfi ne bai rufu ba, ya goge, ya bari iska ta ratsa.

Kada a zuba mai inji na aiki, kada a zuba fasinja na ciki. A fito da tanki a ajiye shi bisa ƙasa a gaɓa, a cika shi can, a bar masa ɗan sarari, domin fetur yana kumbura da zafi, zafin bazara kuwa a ƙasar Kano yakan wuce digiri 40. In wuta ta kama, kada a watsa mata ruwa, gama fetur bisa ruwa ya ke yawo, sai ya ɗauki wutar ya kai ta ko'ina. Tukunyar kashe gobara mai hoda ita ce magani, in babu, bokitin yashi ya fi babu.

Akwai kuma guba ta biyu, ita ce wadda ke fita tare da hayaƙin inji, masana na kiranta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, alamarta ciwon kai da jiri da kasala, daga nan sai barcin da ba a tashi. Ita ce ke kashe iyali a ɗaki in sun kwana da janareta. Jirgin da aka lulluɓe da tamfol saboda ruwan sama ko sanyin hunturu, fasinja na zaune kusa da inji, ya zama ɗaki ke nan. Haka kuma manomin da ya saukar da injin ban ruwa cikin rami a ƙarshen rani domin ya kamo ruwa, sa'an nan ya bi shi ciki yana aiki, ya shiga irin wannan tarko.

Ruwan sanyaya inji

Injin ban ruwa iska ke sanyaya shi, ta bi ta tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke jikin kansa, shi ya sa in ƙura da ƙaiƙayi suka cushe wurin ya kan yi zafi. Injin jirgi kuwa da ruwan da ya ke tafiya a kai ya ke sanyaya kansa. A ƙafarsa, kusa da farfela, akwai 'yan ƙofofi da ke shan ruwa. Wata 'yar roba mai fikafikai tana juyawa a ciki, tana tura ruwan sama ya zaga kan inji ya fito. Masu ƙera shi sun bar wata 'yar huda a baya inda siririn ruwa ke tsartuwa, domin direba ya gani da idonsa cewa ruwa na zagawa. Wannan tsartuwa ita ce shaida. In ta tsaya, ko ta yi rauni, a kashe inji nan take, a ɗaga ƙafarsa a duba.

Ruwanmu na nan ba ya raga wa wannan roba. Da damina jawur ya ke da laka da yashi, suna cinye ta kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Ga kacalla wadda ta addabi kanal da bakin tafkuna, ga gansakuka, ga leda wadda guda ɗaya tak ta isa ta liƙe ƙofofin nan. Ga kuma zaren kamun kifi da ke naɗewa a gindin farfela ya yanke robar da ke tsare man giya, ruwa ya shiga, mai ya koma fari kamar nono. Mafi muni duka shi ne al'adar nan ta ta da inji a tudu don a ji ƙararsa, ko don a nuna wa mai saye lafiyarsa lau. Robar nan ruwa ne man shafawarta, in ta juya a bushe ko minti ɗaya ba ta kaiwa sai ta lalace, kuma ba a gani daga waje. Sai an yi nisa cikin ruwa ta nuna halinta. Sauya ta sau ɗaya a shekara kuɗinsa bai kai ko kusa da na gyaran injin da ya buga ba, balle a yi zancen rai.

Abin da za a ce mana

Mun san waɗansu za su ce wanda kwanansa ya ƙare ba makawa. Haka ne, ba mai ja da wannan. Amma manomin Kadawa da ya yarda arziki na Allah ne bai fasa sa taki ba, bai kuma fasa tashi da dare ya kama ruwa ran da layinsa ya zo ba. Don me sai a kan rayukan fasinja ne za mu naɗe hannu?

Waɗansu kuma za su ce talauci ne, mai jirgi da ƙyar ya ke mai da kuɗin mansa. Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Sai dai a duba abin da muka lissafa. Sansana ƙasan jirgi, da duban tsartuwar ruwa, da sassauta noti, da sauke fasinja kafin a zuba mai, ko kwabo ba su ci. Waɗanda ke cin kuɗi, watau man kirki da sabuwar roba, su ne ke hana babbar hasara. Talaka shi ya fi kowa bukatar injinsa ya daɗe, don ba shi da na sayen wani.

Masu cewa wannan aikin Gwamnatin Tarayya ne, su ma suna da hujja, gama akwai hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa cikin 1997, hedkwatarta na Lokoja. Amma ma'aikacin da ke Lokoja ba zai san jirgin wane ne ke yoyon mai a wani mashigi na ƙasar Kano ba. Dagaci ya sani, Sarkin Ruwa ya sani, malamin makarantar da yaransa ke shiga jirgin ya sani.

Shawararmu

Dattawa suna tune da zamanin En'e, sa'ad da duba-gari ke shiga gida gida yana leƙa randa da masai. Mutane sun yi ta gunaguni, amma an rage cuta. Muna ganin irin wannan a ke bukata a bakin ruwa. Kowace ƙaramar hukuma da ke da tafki ko mashigi ta buɗe littafi a hannun akawu guda, a rubuta kowane jirgi mai inji, da sunan mai shi, da yawan mutanen da ya kamata ya ɗauka. Sau biyu a shekara, kafin guguwar farkon damina da kuma bayan kaka, bakanike ya duba tiyo da tanki da fulogi da robar ruwa a gaban Sarkin Ruwa, a sa hannu. Wanda bai cika ba, kada ya ɗauki fasinja sai ya gyara. Kada kuwa a mai da abin hanyar karɓar haraji, don ran da ya zama ta neman kuɗi, ran nan ya mutu.

Na biyu, kanikawa muna da su. Masu gyaran injin ban ruwa da babur a Kura da Bunkure da Kwanar Ɗangora hannunsu ya faɗa da ƙarfe, abin da ya rage musu kaɗan ne. Makarantun koyon sana'a na Jiha su shirya musu kos na 'yan makonni a kan injin ruwa, domin kada mai jirgi ya riƙa jinkirta gyara saboda nisan mai gyara.

Na uku, littattafan da ke zuwa tare da injunan nan ba da Hausa a ke rubuta su ba, sau da yawa ma mai sayen tsohon inji ba ya ganinsu sam. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, an buga ƙananan littattafai a Zariya a kan tsabta da noma da kiwo, suka shiga ƙauyuka lungu lungu. Abin da muka faɗa a nan bai fi shafi biyu ba. A buga shi da boko da ajami, a kafa allo a kowane mashigi, a karanta a rediyo.

Na huɗu, ku malaman makaranta, wannan darasi a hannunku ya ke. In za ku koyar da lissafin kaso, ga misali a ƙofar gida: in lita 50 na son lita 1, lita 10 nawa ta ke so? In za ku koyar da nauyin abubuwa, ku zuba ruwa da man gyaɗa a kwalba, yara su ga wanda ke kwantawa a ƙasa, ku gaya musu haka ruwa ke yi a tankin fetur. Yaron da ya san ma'anar tsartuwar ruwan nan, ko yana fasinja zai iya ce wa direba, Malam, ruwan bayan nan ya tsaya. Kalma guda irin wannan tana iya fid da jirgi guda.

Waɗanda suka gina Tiga sun bar mana dukiya, mun kuwa ci moriyarta shekara hamsin. Mun koyi kama ruwa da tiyo, mun koyi dashen shinkafa da renon tumatir, abubuwan da kakanninmu ba su yi a wannan sikeli ba. Ba mu ga abin da zai hana mu koyon riƙon inji ba. Mai jirgin da ya karɓi kuɗin mutum ya ce shigo, ya karɓi amanar ransa har ya sauke shi a ɗaya gaɓar. Hakkin hukuma ne da malamai su tabbata ya san yadda a ke riƙon wannan amana tun kafin a sake tara mu a bakin ruwa ana ƙirga gawa. Allah ya kiyaye, ya sa mu gyara.